Shekarar da Abarbar Ado Ta Yi Fure

Akwai maganar da ke yawo a gidan nan tun rasuwar babanku, kuna yin ta ƙasa-ƙasa idan kun ɗauka kunnena ya yi nauyi: wai shi ya sa wuƙa ya kashe shukar yayarku, don haushin ta bar gari. Kunnena lafiyarsa lau, gwiwa ce ta gaza. Na ji ta a bakin auta Ramatu, na ji ta a bakin matanku, har jikokin da ba su san fuskarsa ba sun fara ɗauka. Wuƙa kam ya sa, ba zan ce bai sa ba. Amma dalilin da kuke ba shi ba shi ba ne, kuma wannan gurguwar fahimta ita ta hana yayarku dawowa Tawa da zama har yau. Tunda Allah ya ja kwanana, kuma ni kaɗai na ga abin daga tushe, bari in faɗe shi yadda ya faru. In wani cikinku ya ga dama, ya karanta mata.

Ku na baya ba ku san kunyar ɗan fari ba sai a labari. Ku an ɗauke ku a kafaɗa, an ƙwala muku kira a tsakar gida, babanku har kasuwa yake tafiya da ku, ku zauna kan buhun hatsi kuna cin ƙuli-ƙuli. Yayarku ba ta samu wannan ba. A Adar ɗinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye ta kakarku ta ɗauke ta zuwa ƙauyenmu Bambeye, can ta girma har ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko. Da ta dawo hannunmu, ni “ke” nake ce mata, shi kuwa ko “ke” ɗin ba ya iyawa, sai dai “a gaya wa yarinyar nan”. Idan ta shigo gaishe shi, nan da nan zai sami abin kallo a bango. Idan yana son ba ta wani abu, sai ya bi ta hannun ƙanwarsa, Gwaggonku Habsu. A wurinmu wannan ba ƙi ba ne, ladabi ne, haka aka yi mana mu ma, kuma mun gane. Amma yarinyar da ta yi karatun ungozoma, ta zauna da mutane iri-iri, ta ga wasu ubanni suna riƙe hannun ƴaƴansu har ƙofar lakwal, dole wata rana ta tambayi kanta ko ana son ta.

Ta auri wanda ranta ke so, ɗan garin Kalfu, mai aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Kotonu. An yi da cewa ita za ta zauna nan tana aikinta a gidan haihuwa, shi ya riƙa zuwa. Ba a daɗe ba ta ga zaman bai yi mata ba, ta ajiye aikin ta ce za ta bi mijinta. Ni ban ga laifinta ba, aure ai ba a yin sa da hoto. Babanku kuwa abin ya ƙona masa rai. Ya nuna kamar aikin yake jin ciwo, amma nisan ne. Mutumin da iyakar tafiyarsa daga rumfar hatsinsa ta kasuwa zuwa gonarsa ta Bambeye, Kotonu a wurinsa bangon duniya ce. Ya aiki Habsu ta gaya mata cewa tafiyar nan ba da son ransa ba ce. Habsu kuwa, Allah ya jiƙanta, ba a ba ta saƙo ta kai shi yadda yake, sai ta ƙara masa gishiri da barkono. Ranar tafiya bai je tasha ba. Yayarku ta shiga mota tana waige.

Da shekara ta zagayo ta zo ganin gida. Tsarabar kowa tana cikin jaka, amma abu ɗaya a cinya ta rungumo shi tun daga can: wata shuka a ƴar tukunyar roba. Ganyenta dogaye ne masu kauri, suna kewaye juna kamar tukkun abarba, tsakiyarsu ya yi zurfi kamar ɗan ƙoƙo. Ta ce sunanta bromeliya, dangin abarba ce, amma don ado ake ajiye ta a ɗaki. Mu da harshenmu bai iya wannan suna ba, muka ce abarbar ado. Ba ta ce ta wane ce ba. Ta dai ɗauke ta ta ajiye a barandar babanku, kan taga, gefen da yake shimfiɗa tabarmarsa, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukan wurin. Duk mai hankali ya gane ban haƙuri ta kawo, ta hanyar da za ta iya. Da ya dawo daga kasuwa ya tsaya ya ƙare wa shukar kallo. Bai nemi mai ita ba, Ramatu ya tambaya.

“Wagga hwa, yaushe za a ci ta?”

“Ba a cin ta, Baba. Don kallo aka aje ta.”

“To, madalla. Mun samu baƙuwa mai shan ruwa ba ta aiki.”

Bai ce a ɗauke ba. Yayarku tana bayan ƙofa tana ji, kuma wannan rashin cewa a ɗauke shi ta ƙulle a bakin zane ta koma da shi Kotonu.

Kafin ta tafi ta zaunar da ni da Ramatu a nan barandar ta koya mana renonta, shi yana cikin ɗaki wai yana barcin rana. Komai na shukar a juye yake da abin da muka sani. Ba ƙasa ce a tukunyar ba, ɓawon itace ne da zaren kwakwa. Ba a gindi ake zuba ruwa ba, a ƙoƙon nan na tsakiya ake zubawa, ta nan take sha. Gindin sai dai a ɗan jiƙa shi idan ya bushe. Ruwan ƙoƙon kuma kada ya daɗe, a karkata ta a zubar a sa sabo, don kada ya yi wari ko sauro ya yi ƙwai. Takin awaki ko kusa. Rana ba ta so, duhu ma ba ta so. Sannan ruwan sama take buƙata, don na famfonmu yana da nauyi, yana barin farin abu kamar kanwa a jikin ganye. Na ce wannan ai ba shuka ba ce, amarya ce aka kawo mana. A damina muka tari ruwan indararo muka cika bido, jarkokin roba, da yawa muka jera a ɗakin ajiya, maƙwabta suna mana dariya, wai muna tanadin ruwa domin ciyawa a garin da mutane ke layi a bakin famfo. Da bazara ta kama, bakin ganyenta ya fara ƙonewa, muka riƙa rataya jiƙaƙƙen zane a tagar, muna shafe ganyen da tsumma mai laima. Sau da yawa na cire rai da ita, sai in duba in ga sabon ganye ya leƙo daga tsakiya.

A rani na biyu ruwan samanmu ya ƙare da wuri, don an yi ta ɗiba ana wa wata mai jego a gidan wanka. Ina cikin tunanin yadda za mu yi, sai babanku ya tsiro da wata sabuwa: wai ruwan famfo yana ɓata masa shayi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana dafa shayinsa da ruwan nan bai taɓa kuka ba. Ya fara ɗaura bido a bayan babur, duk zuwansa Bambeye sai ya ciko shi a tsohuwar rijiyar gidansu mai ruwan daɗi. Na yi niyyar in riƙa ɗiba a ɓoye ina zuba wa shukar, sai na lura duk lokacin da na je, ƙoƙon a cike yake da ruwa garai-garai. Na ɗauka Ramatu ce, ita kuma ta ɗauka ni ce. Ran nan na je suna a unguwa, kaina ya sara, na dawo tun kafin azahar. Ina kaiwa bakin zaure na hango shi. Yana tsugune a barandar, ya karkata tukunyar a hankali ya zubar da tsohon ruwa, ya ɗauko butar shayinsa ya cika ƙoƙon, sannan ya kama bakin rawaninsa yana goge ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ashe barcin ranar nan da kunne a buɗe aka yi shi, babu abin da ya kuɓuce masa cikin karatun da yayarku ta yi mana. Na ja da baya a hankali, na koma ƙofar gida na yi sallama da ƙarfi kamar yanzu na iso. Na tarar da shi a tabarma yana jan carbi, fuska a ɗaure, yana tambayar ina abincinsa. Ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, kamar na tuɓe masa riga ne a kasuwa.

A shekara ta uku, bayan an kai amfanin gona gida, wani abu ja ya fara tasowa daga cikin ƙoƙon. Kullum ƙara tsawo yake yana buɗewa hawa-hawa, ja wur, bakinsa da ɗan rawaya, har ya fi ganyen tsayi. Tunda nake ban taɓa ganin ja irin wannan a jikin abu mai rai ba. Kuma ba irin furen da ke yin kwana biyu ya zube ba ne, watanni ya yi yana tsaye. Matan da suka yi mana dariya su ne suka riƙa shigowa da dalili da babu dalili, wannan aron turmi, waccan neman wuta, duk don su leƙa baranda. Babanku da ya saba karɓar baƙinsa a zaure, sai ga shi yana shigo da su ciki wai zauren da zafi. In an tambaye shi sai ya ɗage kafaɗa ya ce ta yara ce, shi bai san kanta ba. Ramatu ta ɗauki hoto a waya ta aika Kotonu. Yayarku ta kira tana kuka. Ta ce wa Ramatu, tunda Baba ya bar ta a gefen tabarmarsa har ta yi fure, to ya huce. A lokacin kuma mijinta yana son ya dawo gida ya buɗe shago, ya bar mata zaɓi, ita ce ke jan ƙafa don ba ta san yadda za a karɓe ta ba. Ta ce za ta zo da Babbar Salla ta ga fuskar babanta, in ta ga alama, sun dawo ke nan. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. A zuciyata har na share ɗakin gabas na yi masa shafe.

Bayan wasu watanni jan ya fara dusashewa, ganyen waje suka soma rawaya, sai ga wasu ƴan tsiro guda uku sun ɓullo a gindi, kowanne da ɗan ƙoƙonsa. Ramatu ta tsorata ta kira yayarku, ita kuwa ta yi dariya ta kwantar mata da hankali. Ta ce haka halittarta take: sau ɗaya take fure a rayuwarta, daga nan uwar ta kama hanyar mutuwa a hankali, babu ruwa ko magani da zai tsayar da ita. Ƴaƴan nan na gindi su ne za su gaje ta. A bar su manne da ita har su kai kamar rabinta, sannan a raba kowanne da tukunyarsa. Ta ce kada kowa ya taɓa, ita da kanta za ta raba su in ta zo: ɗaya a barandar Baba, ɗaya a ɗakina, ɗaya a gidan da za su kama a Tawa. Wannan karatun a waya aka yi shi, a ɗakin Ramatu, babanku yana kasuwa, babu bangon da zai saurara ta bayansa. Ramatu ta gaya mini. Ita ba ta ga dalilin gaya masa ba, tunda a saninta ba ruwansa da ciyawa. Ni kuma ta ina zan fara, ba tare da ya gane na gan shi ba? Ga shi a zatona iyakarsa ruwa da goge ganye. Na sha juya wannan wuri a raina ina neman mai laifi, ban samu ba, kuma rashin samun bai rage mini zafi ba.

Sai aka tura Ramatu koyarwa Affala. Ni kuma ƙanwata ta kwanta ciwo a Bambeye, na tafi jinya na daɗe. Aka bar babanku da shukar su biyu, a tsakiyar bazara. Yana gani uwar kullum ramewa take tana bushewa, ƴaƴan kuwa sai ƙiba suke suna sheƙi. To, babanku manomin hatsi ne tun yana goye. Abin da hannunsa ya sani shi ne cira: in tsiro ya yi yawa a rami ɗaya, a cire wasu don wanda aka bari ya samu abinci. In dawa ta fid da ƴaƴa a gindi suna tsotse ta, a ɓalle su a huta. Babu manomi a Adar da zai ga abin da ya gani bai yi tunanin da ya yi ba. Ya wasa ƴar wuƙarsa, ya yanke su tas daga jikin uwar, ya barbaɗa toka a wurin yankan don kada ya ruɓe, ya jefa wa awaki. Ranar da na dawo ko mayafi ban cire ba ya tare ni a baranda. Wannan ne karo na farko da ya yi zancen shukar da bakinsa, fuskarsa kamar yaron da ya yi shara ba a sa shi ba.

“Kin ga ciyawar ga ta so mutuwa da ba ki nan. Ɗiyan ga na ka shanye ta. Na rage mata su, na sa toka. Yanzu za ta murmure kahin Salla.”

Kafin Salla. Ashe ya san tana zuwa, so yake ta tarar da abinta da rai. Na tambaye shi ina ƴaƴan, ya nuna garke da haɓa. Na zauna a ƙasa, na gaya masa duk abin da yayarku ta ce. Sai ya ce:

“Ita tac ce hakanga?”

“Ita tac ce.”

“Mi yah hana a gaya mani?”

“Malam, wa yas san kana taɓa ta?”

Ya dube ni, na kawar da kai. Ranar tuwonsa yadda na kai haka na ɗauko shi. An yi gyaran gangar Auzinawa, kuma wanda ya yi shi ya fi kowa sani.

Ramatu ta ji cewa wani lokaci, in uwar tana da sauran ƙarfi, takan sake fid da wasu. Muka rataya a kan wannan, muka daina aika hoto, in yayarku ta tambaya a ce waya ce ta lalace. Shi kuwa ya daina ɓoyo a gabana, safe da yamma yana tsugune yana duba gindin kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Amma uwar ta riga ta yi nisa, ga rauni, ga zafin da ko mutum da ƙyar yake sha. Wata safiya ya kama tsakiyarta don ya karkata, ta zare ta biyo hannunsa, gindin ya ruɓe. Ya bi direbobin manyan motocin albasa masu sauka bakin teku, yana kwatanta musu da hannu, su samo masa irinta. Ɗaya ya ce ya manta, ɗaya kuma, bawan Allah, ya dawo masa da abarba ta ci guda biyu manya-manya yana murna. Ya karɓa ya yi godiya, ya kawo gida ya ce a ba yara. Tukunyar kuwa ya wanke ta fes ya mai da ita kan tagar, babu komai a ciki.

Yayarku ta iso ranar jajibiri da la'asar. Ina bakin murhu, hannuna cikin ƙullu, na yi niyyar in ta huta in san yadda zan ɓullo wa maganar. Ko ruwa ba ta sha ba ta nufi baranda. Habsu ta zo taya mu aikin Salla, tana zaune a nan tana tsinke zogale, ta ga yayarku ta tsaya a kan tukunyar, sai ta ce:

“Ciyawarki kika biɗa? Babanki yas sa wuƙa yay yanke ɗiyan duka yab ba awaki. Kin san halin shi, in ya riƙe abu ba ya saki.”

Habsu ba ƙarya ta shirya ba. Abin da ta ji ke nan a bakin yara, sauran kuma ta cike da abin da ta yi imani da shi. Na fito da gudu, amma magana zarar bunu ce. Yayarku ta matsa jikin tagar. Ta ɗauki tukunyar ta juya ta, ta ga yadda aka wanke ta, ta mayar.

Bayan magariba ta je gaishe shi. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ni ina daga baya da kwanon abincinsa. Duk da abin da ta gani, ta yi ƙarfin hali ta ba shi dama ta ƙarshe. Bayan gaisuwa ta ce, kanta a ƙasa:

“Baba, maigidana na son mu dawo gida da zama. Nic ce sai na ji ta bakinka.”

Ni da nake ganin hannunsa na ga carbin ya tsaya. Na san abin da ke cikinsa, don na zauna da shi tun yana saurayi. Murna ce ta cika shi, ga kunyar ɗiyar fari, ga kunyar abin da ya yi, duka sun taru a kansa. Uba ba ya nuna wa ɗan fari ɗoki, haka ya tashi ya gani. Ya dubi bango ya ce:

“Duk yadda kunka gani.”

A bakin mutanenmu na dā wannan amincewa ce, har da sa albarka. A kunnenta kuwa, da tukunyar nan a kan taga, cewa ya yi ko ku zo ko kada ku zo, ɗaya ne. Ta ce to, ta tashi. Tana fita ya ce mini gobe a ware mata cinyar ragon gaba ɗaya, kada Habsu ta taɓa.

A daren na bi hanyar da muka saba, na kira Ramatu na kwashe labarin duka na gaya mata, na ce ta kai wa yayarta. Ramatu ba ta taɓa ganin babanta da buta a kan shukar ba, ita kanta da rabin zuciya ta karɓa. Ta je ta fara da “Inna ta ce wai”, kuma magana in ta fara da wai ta riga ta rame. Yayarku ta yi murmushi ta ce ba komai, ciyawa ce, a bar zancen. Ta ci Salla da mu, ta yi wa kowa fara'a, ta ɗaure cinyar ragonta ta koma. Ba a jima ba muka ji mijinta ya fasa shagon, sun sayi fili a can sun fara gini. Ɗakin gabas buhunan hatsi aka zuba a ciki.

Na matsa wa babanku ba sau ɗaya ba. Na ce masa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kalma biyu ce za ta gyara, kuma daga bakinsa kaɗai za ta yi aiki. Sai ya ce in bar shi, ko ya tashi ya fita. Ya daina kawo ruwan Bambeye, shayin ma ya rage sha. Ran nan Ramatu ta zo hutu, da kansa ya ce ta kira masa Kotonu. Na bar abin da nake yi na zo na tsaya. Ramatu ta miƙa masa wayar, ya riƙe ta da hannu biyu, muna jin muryar yayarku tana cewa alo, Baba, alo. Ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce:

“Kuna lahiya?”

“Lahiya lau, Baba.”

“To, madalla. A gaida yara.”

Ya miƙa wa Ramatu wayar. Da ta fita ya zauna yana kallon tafin hannunsa, can ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, bakinsa bai saba ba. Na ji haushinsa ranar, na kuma ji tausayinsa, har yau ban san wanda ya fi yawa ba. Ya ce in yayarku ta zo da Salla mai zuwa zai gwada. A Sallar yayarku ba ta zo ba, Salla ta gaba kuma ba ta same shi da rai ba. Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki, yana dawowa daga gona.

Hanya da nisa, sai ranar sadakar uku yayarku ta iso. Ɗakina cike yake da mata masu gaisuwa. Ta ratsa su ta zo ta zauna a jikina, kusancin da ba mu taɓa yi ba tun ina ba ta nono. Ta daɗe tana kuka. Da ta lafa, ta ce a hankali:

“Inna, don Allah, Baba ya taɓa tambayata?”

Nan na ajiye kunya, a gaban kowa. Na dubi idonta na gaya mata komai da bakina: ruwan rijiyar Bambeye da aka laƙa wa shayi, bakin rawanin da ya goge ganye, baƙin da aka riƙa shigowa da su baranda, wuƙa da toka, direbobin albasa, da abin da “duk yadda kunka gani” ke nufi a bakin irinsa. Wasu tsofaffi cikin matan suna gyaɗa kai. Ta saurara har na kai aya, ba ta katse ni ba. Sannan ta kama hannuna ta riƙe, ba da fushi ba, da lallashi, kamar ni ce ake ba haƙuri.

“Inna, ke ko bai yi ba, hakanga za ki ce.”

Gaskiya ta faɗa. Ko bai yi ba, haka zan ce. Abin da ke cin raina har yau ke nan: mutum ɗaya ne a duniya da zai faɗa ta yarda, shi kuma a ranar ya kwana uku a ƙasa.